Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Malamai Da Limaman Jihar Kano A Kan Gwajin Jini Kafin Aure

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga iyayenmu malamai na Majalisar Malamai ta Jihar Kano, da limaman masallatan Juma'a, da limaman unguwanni masu ɗaura aure a ƙofar gidaje da zaurukan bayin Allah. Allah ya gafarta muku, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi da al'umma.

Ni ɗalibarku ce. A gaban irinku na durƙusa na koyi alwala da salla, yanzu kuma ina koyar da matan aure a wata Islamiyya ta dare a cikin birni. Ba da sunan malanta na rubuto ba. Na rubuto ne a madadin iyaye mata da muke haɗuwa a kan benci ranar ganin likitan masu sikila, kowacce da yaronta a cinya ko a baya, da robar ruwa, da katin asibitin da ya tsufa saboda yawan juyawa. Mun daɗe muna wannan magana a tsakaninmu. Da na ce zan rubuta muku, wata dattijuwa a cikinmu ta ce in rubuta da ladabi amma kada in rage komai. Idan harshena ya zarce a wani wuri, ku yi mini uzuri irin na uba da 'ya.

A watan Mayun 2024 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya sa hannu a kan dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure a jihar nan, wanda ya haɗa da na jinotayif, wato nau'in jinin da mutum ya gada daga uwa da uba, da na ƙanjamau, da na ciwon hanta nau'in B da C. Dokar ta hana ɗaura aure ba tare da takardar gwajin ba, ta kuma tanadi tarar da za ta iya kaiwa naira 500,000 ko ɗauri ga wanda ya karya ta. Ranar da muka ji labari mun yi murna, wasunmu har da hawaye. To amma gwamnati ba ta zuwa wurin ɗaurin aure. Ku ne a wurin. Abin da muke gani tun daga lokacin shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Kukanmu na farko, wanda ya fi kowanne girma, shi ne lokacin da ake neman takardar. Yaro ya ga yarinya, an kai kuɗin na gani ina so, an yi gaisuwar iyaye, an yi baiko, an sa rana, an kai lefe 'yan unguwa sun zo sun gani, uban yarinya ya sayar da fili ko ya ci bashi ya yi kayan ɗaki, an buga kati an raba. Sai ana saura kwana uku wani ya tuna cewa liman zai tambayi takarda, a ruga ɗakin gwaji. Sakamako ya fito, ango AS, amarya AS, wato kowannensu lafiyarsa ƙalau amma yana ɗauke da rabin gadon sikila. Allah ya gafarta malam, a wannan gaɓar wane uba ne zai iya tsayawa ya ce a fasa? Wace yarinya ce za ta iya buɗe baki? Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya. Abin da yake faruwa shi ne ɗayan biyu: ko a ce a bar wa Allah a ɗaura haka nan, ko a nemi wanda zai rubuto AA, jinin da ba ya ɗauke da gadon ciwon, a kan takarda a miƙa wa liman bayan sallar Juma'a, ya duba a tsaye cikin cinkoso, a yi fatiha, a raba goro da alawa. An cika sharaɗin doka, amma yaran da aka yi dokar dominsu ba su tsira daga komai ba.

Kuma ku lura da wanda ba ya wurin. Amarya tana cikin gida ana yi mata lalle. Waliyyi da wakili ne suka ga takardar, su ne suka yanke cewa ba komai. Ita ce kuwa za ta kwana a tsaye da yaro yana ihu yana cewa a cire masa ƙafa. Na san mata da yawa a kan bencinmu da ba su taɓa jin kalmar AS ba sai a bakin likita, bayan ɗansu na fari ya kumbura hannu da ƙafa yana ɗan wata shida. Ni ma ina cikinsu. An ɗaura mini aure da ɗan baffana, auren zumunci na so da yarda, babu wanda ya tilasta ni. Babu kuma wanda ya ce mana mu je a duba jininmu. Allah ya ba mu 'ya'ya biyar, biyu daga ciki SS, wato masu ciwon sikila. Ɗaya yana ƙasa, ɗaya tana raye.

Kuka na biyu shi ne lissafin da ake faɗa ba daidai ba, wani lokaci har a wurin wa'azi. Sau da yawa na ji ana cewa idan AS ya auri AS, a cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai fito da ciwon, har wasu suna cewa na huɗun ne, don haka a haifi uku a tsaya. Wannan kuskure ya cuci gidaje. Ga yadda abin yake. A sa goro huɗu a ƙwarya, uku farare ɗaya ja, jan shi ne mai ciwon, a rufe ido a ɗauko ɗaya, sannan a mayar da shi a girgiza. Kowane ciki haka yake: sabon ɗauka ne daga cikakkiyar ƙwarya, kuma cikin baya bai rage komai ba. Wani zai ɗauki fari sau shida a jere, ya yi ta ba da labari a majalisa cewa shi da matarsa AS ne kuma 'ya'yansu garau, maganar likitoci ce kawai. Wani kuma zai ɗauki ja sau uku a jere, shi ba ya zuwa majalisa, yana asibiti. Idan AS ya auri SS, rabin goron ja ne. Idan AA ya auri SS, babu ja ko ɗaya a ƙwaryar, duk 'ya'yan AS za su fito. Akwai kuma AC, wanda idan ya haɗu da AS zai iya haifar da SC, shi ma ciwo ne. Wannan bayani bai fi minti biyar ba, amma ban taɓa jin sa a huɗuba ba.

Ciwon kansa ba ɓoyayyen abu ba ne. Jajayen ƙwayoyin jinin mai lafiya masu laushi ne, suna ratsa ƙananan jijiyoyi ba wahala, kuma kowacce tana rayuwa kusan kwana 120. Na mai sikila suna sandarewa su lanƙwashe kamar lauje, su toshe hanya, su mutu cikin kwana 10 zuwa 20. Toshewar ita ce azabar ƙashi da ƙirji, saurin mutuwar kuma shi ne ƙarancin jini da rawayar ido. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ana haifar jarirai kusan 150,000 da wannan ciwo duk shekara a Nijeriya, babu ƙasar da ta kai mu. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya gano cewa a cikin ƙananan yara biyar, ɗaya AS ne. Ku dubi sahun masallacinku ranar Juma'a ku yi lissafi.

Kuka na uku shi ne wanda ya fi shafarku kai tsaye, domin a fagenku yake: yadda ake amfani da kalmar ƙaddara. Duk wanda ya ce a yi gwaji tun da wuri, ko ya ce zai janye saboda sakamako, sai a ce masa ba shi da tawakkali, ko a ce yana shiga ilmin gaibu, ko a ce lafiya da ciwo duk na Allah ne. Ƙwarai, na Allah ne, kuma babu uwar da ta binne ɗa da za a koya wa imani da ƙaddara. Amma ku ne kuka karantar da mu labarin Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, lokacin da ya nufi Sham ya isa Sarg aka ce masa annoba ta ɓarke. Ya yi shawara ya yanke cewa a koma. Abu Ubaida ya tambaye shi ko gudu yake yi daga ƙaddarar Allah, ya ce e, muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Ya buga masa misali da mai raƙuma da ya sauka kwari mai gefe biyu, ɗaya da ciyawa ɗaya ƙeƙasasshe, duk inda ya kai su kiwo da ƙaddarar Allah ya kai su. Ku ne kuka karantar da mu cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure sannan ya dogara. Me ya sa waɗannan nassoshi suke fitowa idan ana maganar kasuwanci da tsaro, amma idan aka zo maganar jinin ango da amarya sai su ɓace? Gwaji bai faɗi abin da zai faru gobe ba. Abin da yake cikin jini yau ya nuna, kamar yadda ma'auni yake nuna nauyin buhu. Wannan ba gaibu ba ne.

A fiƙihunmu na Malikiyya ma akwai ƙofa a buɗe. A cikin Risala, wadda kusan kowane almajirin ilmi a ƙasar nan ya bi ta kanta, an ambaci aibobin da ake mayar da aure saboda su: hauka, da kuturta, da albaras, da ciwon farji. Ban ce sikila ta zama ta biyar ba, wannan hukunci naku ne, ba nawa ba. Abin da na fahimta kawai shi ne magabata ba su ɗauki duba lafiyar abokin zama a matsayin raunin imani ba. Sun yi aiki da abin da idonsu yake iya gani a zamaninsu. Yau Allah ya hore na'urar da take ganin abin da ido ba ya gani.

Na san akwai saɓani, kuma ba zan ɓoye shi don in ci gardama ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, ƙungiyar Musulmin duniya, a zamanta na Makka a 2003, ta ce bai halatta a mayar da gwajin likita sharaɗin ingancin aure ba, domin Shari'a ce ta gindaya sharuɗɗan aure. Amma a cikin wannan matsayar ta yi kira ga gwamnatoci da cibiyoyin Musulunci su wayar da kai, su ƙarfafa yin gwajin, su sauƙaƙa shi, su kuma tsare sirrinsa. A 2004 kuma Saudiyya ta wajabta gwajin sikila ga duk masu shirin aure, sai dai ta bar wa ma'auratan zaɓi bayan an zaunar da su an yi musu bayani. Ni dai a nan na tsaya. Ba na roƙonku ku haramta abin da Allah bai haramta ba. Idan AS biyu suka ji bayani filla-filla, suka gane, suka ce sun yarda, auren su aure ne, Allah ya ba su ikon ɗauka. Abin da ba na yarda da shi shi ne a yanke wa yarinya 'yar shekara goma sha takwas wannan hukunci a zaure ba tare da ta sani ba, sannan a kira shi ƙaddararta.

Akwai masu cewa iyaye da kakanni ba su yi gwaji ba kuma sun hayayyafa lafiya, wannan sabon salo ne na Turawa. Ban raina tsoron mutanenmu ba. Kano ba ta manta da 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau da kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan wanda ya shafi yara kusan 200, kuma wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya yi tsalle. Amma ku tuna yadda waccan ta ƙare: yara sun shanye, cutar ta tsallaka ƙasashe, kuma ba a shawo kanta ba sai da sarakuna da malamai suka shiga gaba, har aka kai 2020 aka tabbatar asalin ƙwayar cutar ta kau daga Afirka. Maganarku ce ta rufe ƙofar, maganarku ce ta buɗe ta. Ita kuwa sikila babu wanda ya kawo mana ita. Likitan Amurka James Herrick ya bayyana siffar ƙwayoyin a 1910, amma ciwon ya girme shi da dubban shekaru. A 1954 Anthony Allison ya nuna dalilin da ya sa ya yi yawa a ƙasashe irin namu: mai AS yana da wata kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, shi ya sa irin jinin ya yaɗu a inda sauro yake, har da gabashin Saudiyya da sassan Indiya. Kakanninmu sun san ciwon, suna ne kawai ba su da shi. Su waye 'ya'yan wabi? Matar da za ta haihu yaro ya kai shekara biyu ko uku ya koma, ta sake haihuwa ya koma, har a riƙa sa wa yaro suna Ajuji ko Ayashe don a kawar da ido daga kansa. Ban ce duk wabi sikila ce ba, amma babu shakka tana da kaso a waɗannan ƙananan kaburbura.

Kuka na huɗu: laifin da ake ɗora wa uwa. Da yaro ya fara ciwo, sai dangin miji su ce jinin gidansu ne, mu ba mu da wannan a zuri'armu. Akwai wadda aka saka a kan bencinmu saboda haka, mijin ya auro wata ba tare da gwaji ba, ita ma AS, aka sake haifar mai ciwon. Akwai wadda aka ce mayya ce tana cin 'ya'yanta. Yaro ba ya zama SS sai ya karɓi S ɗaya daga uba, ɗaya daga uwa. Babu yadda za a yi uwa ita kaɗai ta ba shi. Wannan zalunci ne da ake yi da jahilci, kuma jumla ɗaya daga bakin liman za ta iya kashe shi a unguwa guda.

Haka su ma masu ciwon. Tun da aka fara maganar gwaji, wasu sun mayar da SS tamkar tambarin mutuwa. Ana faɗa a gaban yara cewa ba sa wuce shekara ashirin, ana janye neman aure da an ji, har mai AS ma wasu gudunsa suke yi alhali lafiyarsa ƙalau. 'Yata tana da shekara goma sha shida, ta sauke Alƙur'ani bara, tana son ta karanta haɗa magunguna. Wata rana ta dawo daga makaranta ta tambaye ni ko gaskiya ne babu wanda zai aure ta. Na ce mata duk mai AA zai iya aurenta kuma ba za su haifi mai ciwon ba, da yardar Allah. Ta ce to me ya sa ba a faɗa a masallaci? Ban da amsa. Akwai masu sikila da suka haura arba'in da hamsin, da 'ya'yansu da aikinsu. A nan Kano, a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano da Asibitin Murtala, likitocinmu tare da abokan aikinsu na Jami'ar Vanderbilt ta Amurka suka yi binciken da ya nuna cewa maganin haidiroksiyuriya yana kare yaran da suke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki. A garinmu aka yi wannan, amma iyaye da yawa ba su taɓa jin sunan maganin ba.

Na biyar zan faɗe shi da nauyin zuciya. Ɗana na biyu ya rasu yana da shekara shida, a cikin hunturu. Zazzaɓi ya kama shi da ciwon ƙirji, numfashinsa yana sama-sama. Wani babba a dangi ya ce iska ce, a kira mai ruƙiyya. Muka kwana biyu ana tofi ana hayaƙi ana ba shi rubutu. Ni da nake karantar da mata ban iya musa wa manya ba, kuma wannan shirun nawa yana tare da ni har yau. Da muka isa asibiti aka ce jininsa ya yi ƙasa sosai, a nemo jini. Mahaifinsa ya fita nema, kafin ya dawo yaron ya cika. Na yarda kwanansa ne ya ƙare. Na kuma yarda za a tambaye mu a kan kwana biyun nan. Ba na jayayya da ruƙiyya, Alƙur'ani waraka ne, har gobe ina yi wa 'yata tofi. Amma ana iya yin tofi a cikin mota a kan hanyar asibiti, ana iya yin sa a gefen gado ana ƙarin jini. Masu cewa a zauna a gida a gama da aljani tukuna, da masu kai yaro a yi masa sakiya ko tsaga a kan kumburarriyar saifa, da masu sayar da jarkar magani a lasifika suna rantsuwa cewa yana mayar da SS ya koma AA, da yawansu da rigar addini suke fakewa. Babu jiƙon da yake canza jinotayif. Abin da aka sani yana warkar da ciwon shi ne dashen ɓargo, wanda aka fara yi a Nijeriya a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Benin a 2011, sai kuma sabon maganin gyaran ƙwayar halitta da Ingila da Amurka suka amince da shi a ƙarshen 2023, wanda kuɗinsa ya haura dala miliyan 2. Talaka ba ya kusa da ko ɗaya. Idan ku ba ku tsawata wa masu jarka ba, babu wanda za su ji.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da suke kwantar mana da yara duk shekara. Ƙishirwa da sanyi suna cikin manyan abubuwan da suke tayar da ciwon. Yaro mai sikila zai dage sai ya yi azumi a tsananin zafi don kada abokai su yi masa dariyar gwauron azumi, rana ta uku sai gadon asibiti. Wani zai yi alwala da ruwan randa da asuba a watan Janairu. Sauƙin da Allah ya yi wa marar lafiya a cikin Suratul Baƙara, da halaccin taimama ga wanda ruwa zai cutar, duk kun fi ni saninsu. Yaranmu ba sa jin su daga bakinmu, gani suke tausayin uwa ne. Daga bakinku za su karɓa. Ina kuma tuna almajiran tsangaya, domin a cikin ɗaruruwan yaran da suke kwana a zaure ba bargo, dole akwai masu wannan ciwo, kuma idan ya tashi cewa za a yi lalaci ne ko ƙin karatu.

Saboda haka, iyayenmu, ga abin da muke roƙo.

Ku fitar da matsaya guda, a rubuce da Hausa da ajami, wadda malaman Ɗariƙa da na Izala da sauran ɓangarori za su sa wa hannu tare, cewa gwajin jini kafin aure riƙo ne da sababi, bai saɓa wa tawakkali ba, kuma wanda ya janye saboda sakamako bai yi laifi ba, ba a kuma ƙulla gaba da shi. A karanta ta a masallatan Juma'a rana ɗaya.

Ku matso da takardar gaba. Ku sanar a unguwanninku cewa ba za ku halarci baiko ko sa rana ba sai an yi gwaji, kuma ku umarci iyaye kada su karɓi kuɗin gaisuwa kafin a san jinin yaran. Mafi kyau ma a san shi tun kafin zuciya ta kamu. Islamiyyu da makarantun allo a hannunku suke. Idan kuka nemi Ma'aikatar Lafiya ta riƙa zuwa tana gwada ɗalibai kafin sauka, kowane yaro da yarinya zai tashi ya san nasa kamar yadda ya san sunan kakansa. Ku kuma yi mana magana da gwamnati a kan kuɗin gwajin, domin dokar da ta wajabta abu a kan talaka ya kamata ta sauƙaƙa masa shi.

Idan aka kawo muku takarda kuka ga AS da AS, ko AS da SS, ko AS da AC, kada ku ɗaura a ranar sai kun tabbatar ango da amarya, su biyun, sun zauna da ma'aikacin lafiya sun ji bayani da kunnensu, kuma an tambayi yarinyar ita kaɗai ba a gaban masu jin nauyinsu ba. Ku yi wannan cikin sirri, kada sakamakon wani ya zama abin hira a bakin masallaci.

Ku kira takardar bogi da sunanta. Ha'inci ne, kuma kun san abin da Annabi ya faɗa a kan wanda ya ha'ince mu. Mai sayen ta, da mai rubuta ta, da waliyyin da ya sani ya yi shiru, duk suna da hannu a wahalar yaron da za a haifa. Ko ba ha'inci ma ana samun kuskure a ɗakunan gwaji, don haka ku shawarci mutane su yi a wuri biyu amintattu, kuma wanda aka yi wa ƙarin jini ya jira wata uku kafin ya gwada, in ba haka ba sakamakon zai iya ruɗarwa.

Ku ware huɗuba ɗaya a shekara, a Juma'ar da ta fi kusa da 19 ga Yuni, ranar masu sikila ta duniya, da zama ɗaya a tafsirin Ramadan, ku gayyato likita ya zauna kusa da ku. A faɗi lissafin goron nan, a wanke uwa daga zargi, a faɗa wa samari masu AA cewa auren mai sikila ba kasada ba ne ga zuri'arsu, a faɗa wa masu ciwon hukuncin azuminsu da alwalarsu. A kuma yi kira ga ba da jini. Masallacin da yake tara dubban maza majiya ƙarfi duk mako bai kamata a ce yaro ya mutu a unguwarsa don an rasa leda ɗaya ba. Kwamitin masallaci zai iya ajiye sunayen masu son bayarwa da rukunin jininsu, yadda idan uba ya fito da tsakar dare ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Masu rabon zakka kuma su tuna da gidajen da kuɗin magani ya cinye jarinsu.

Daga ƙarshe muna gayyatarku. Ku wakilto mutum biyu ko uku daga cikinku su zo asibiti ranar ganin likitan masu sikila, ba tare da 'yan jarida ba, su zauna da mu daga safe zuwa azahar, su yi wa yaranmu addu'a, su ji daga bakin iyayen da ba su iya rubutu ba. Da yawa a cikinsu suna da tambayoyin addini da suka shekara suna riƙe da su, a kan tsarin iyali bayan an haifi mai ciwo, da gwajin ciki, da haƙƙin matar da aka saka saboda ciwon ɗanta, kuma ba su san wanda za su tambaya ba.

Allah ya ba ku ikon dubawa, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.

'Yarku kuma ɗalibarku,
a madadin iyayen yara masu sikila, Kano.